Joj Washinton Karba, Likitan Gona

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa da damina zai ga gonaki dama da hagu. Hatsi ya tashi, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa. Can gefe ga gonar gyaɗa, wadda wasunmu ke ce wa gujiya. Tun kaka da kakanni manoma sun san wani abu guda. Inda aka noma wake ko gyaɗa bana, in aka sa hatsi baɗi, yakan fi kyau. To, me ya sa? Me wake yake bar wa ƙasa?

Yau za mu karanta labarin wani mutum da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa talakawa amsar wannan tambaya. Baƙar fata ne, jikan mutanen Afirka da aka kai Amurka bauta. Sunansa Joj Washinton Karba.

Haihuwa cikin bauta

An haifi Joj wajen shekarar 1864, a wata gona ta jihar Misuri, cikin ƙasar Amurka. Ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, don a lokacin ba a damu da rubuta haihuwar ɗan bawa ba. Uwarsa sunanta Meri, baiwar wani manomi ce farar fata mai suna Musa Karba. Uban Joj ya mutu tun kafin yaron ya san shi.

A wannan zamani ana yaƙin basasa a Amurka. Joj yana jariri, sai wani dare mahara suka faɗa gidan. Suka sace shi da uwarsa, suka yi kudu da su. Musa Karba ya aika wani mutum ya bi sawu. Mutumin ya samo jaririn, amma uwar ba a sake jin labarinta ba har abada. Musa ya ba mutumin doki ladan aikinsa.

A shekarar 1865 aka hana bauta a Amurka. Musa da matarsa Suzan ba su da ɗa. Suka riƙe Joj da wansa Jems, suka rene su. Shi ya sa ya ɗauki sunan Karba.

Joj yaro ne mai yawan laulayi, tari ba ya barinsa. Ba ya iya aikin ƙarfi a gona. Sai ya zauna wajen Suzan yana koyon dafuwa, da wanki, da ɗinki. In ya sami sarari sai ya shiga daji. Yana duban ganye, yana tonon saiwa, yana tara ƴan duwatsu. Ya yi ɗan lambunsa a ɓoye. Maƙwabta in shukarsu ta yi yaushi sai su kawo masa, ya yi ta jinyarta har ta farfaɗo. Tun yana ƙarami aka sa masa suna likitan tsirrai.

Neman ilimi

Suzan ta koya masa baƙaƙe da wani tsohon littafi. Ya haddace shi tas, yana neman ƙari. Akwai makaranta kusa da gida, amma ba a karɓar ƴaƴan baƙaƙe. Yana da shekara kamar 12 ya ɗaura ƴan kayansa, ya taka da ƙafa zuwa wani gari mai suna Niyosho, tafiyar kilomita 13. Bai san kowa ba a garin. Daren farko a ɗakin dabbobi ya kwana. Da safe wata ungozoma baƙar fata, Mariya Watkins, ta gan shi. Ta ba shi masauki, shi kuma yana yi mata aikin gida.

Ba a daɗe ba ya ga malamin makarantar ba shi da sauran abin koya masa. Ya ƙara gaba, ya shiga jihar Kansas. Gari ya bi gari. Nan ya yi wanki da guga, can ya yi dafuwa, can ya yi ƙwadagon gona. In ya tara ƴan kuɗi ya shiga makaranta. In sun ƙare ya fita ya koma aiki. A shekarar 1879, a garin Fot Sikot, ya ga taron fararen fata sun kashe wani baƙar fata a bainar jama'a. Tsoro ya kama shi, ya bar garin nan take. Abin bai fita ransa ba har tsufansa.

Da ya gama makarantar sakandare, ya rubuta wa wata babbar makaranta takarda. Aka amsa masa, aka ce ya zo. Ya kashe kuɗin guzurinsa ya isa. Da suka ga launin fatarsa, sai suka ce ba su ɗaukar baƙi irinsa. Wani da nan zai haƙura. Shi kuwa ya kama fili a yammacin Kansas a shekarar 1886, ya gina ɗakin ƙasa, ya yi noma. Ƙasar busassa ce, ga iska, ga fari. Noman bai yi ba, ya sake kama hanya.

A shekarar 1890 wata makaranta mai suna Simson, a jihar Ayowa, ta karɓe shi. Ya riga ya wuce shekara 25. Da wankin kayan ƴan makaranta yake ci da kansa. Zane yake koyo, kuma furanni ya fi zanawa. Malamarsa ta ga yadda ya san tsirrai, ta ba shi shawara ya koma babbar makarantar aikin gona ta jihar. Ya shiga a 1891. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi karatu a can. Ya sami takardar digiri ta farko a 1894, ta biyu a 1896. Har ya fara koyarwa a makarantar, yana binciken cututtukan tsirrai.

Kun ga dai, ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu. Ashe girma ba ya hana neman sani.

Ƙasar da ta gaji

A shekarar 1896 takarda ta zo masa daga wani babban malami baƙar fata, Buka Washinton. Shi ne shugaban makarantar Taskigi, a jihar Alabama, kudancin Amurka. An buɗe ta a 1881 don ƴaƴan bayin da aka ƴanta. Ya roƙi Karba ya zo ya riƙe sashen noma. A Ayowa Karba yana da aiki mai kyau da kayan aiki. A Taskigi babu komai sai talauci. Amma can danginsa suke. Ya tafi, kuma bai sake barin wurin ba har shekara 47.

Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali. Ko'ina auduga, har bakin ƙofar ɗaki. Shekara da shekaru auduga kaɗai ake nomawa a gona ɗaya, ba hutu, ba taki. Ƙasa ta gaji. Ruwan sama ya kwashe ta sama mai albarka, ya bar kwazazzabai. Yawancin manoma baƙaƙe ba su da gonar kansu. Suna noma ta mai ƙasa, in an yi kaka a raba. Bashi suke ci tun daga shuka, in sun sayar da auduga bashin bai biyu ba. Abincinsu garin masara ne da kitse, yara suna ta ciwo. Takin zamani kuwa akwai shi a kanti, amma ina kuɗin saye?

Karba ya ce a ransa dole a nemo maganin da talaka zai iya. Makarantar ba ta da ɗakin bincike. Ya ɗebi ɗalibansa suka tafi juji, suka tsinto kwalabe, da gwangwani, da tsofaffin tukwane. Da su ya fara aiki. Ya karɓi wani fili da ya mutu murus, ya mai da shi gonar gwaji.

Daga ina abincin shuka yake fitowa?

Kafin mu gane aikinsa, sai mu san yadda ƙasa take. Asalin ƙasar noma dutse ne. Ku dubi duwatsun da ke kudancin Madarunfa, wajen iyaka. Rana ta gasa su, dare ya sanyaya su, har su tsage. Ruwan sama ya shiga tsagar. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba ya ji. Sannu a hankali yana cin dutsen, kamar yadda ruwa ke cin kanwa, sai dai shi dutse yana ɗaukar shekaru aru-aru. Wani sashe ya narke, ya zama laka. Wani sashe mai tauri ya ƙi narkewa, ya zama yashi. Gulbi ya kwasa ya kai fadama. Cikin wannan narkewa dutse yake sakin wasu sinadarai da shuka ke ci. Ƙasa mai kaurin ɗan yatsa tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta samu. Amma ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe ta daga gonar da ba ta da kariya.

Akwai wani abinci babba da shuka ba ta samu sosai daga dutse. Masu Faransanci suna ce masa azot, masu Ingilishi suna cewa naitirojin. Shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. In babu shi, hatsi ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya tsumbure. Shi ne ke cikin farin takin nan da muke saye a buhu. Abin mamaki, iskar da muke shaƙa cike take da shi. In aka kasa iska kashi 100, kashi 78 azot ne. Amma hatsi da dawa da masara da auduga ba su iya ɗaukarsa daga iska. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

To, nan ne wake da gyaɗa suka fi su. Ka tuge wake mai fure, ka kaɗe ƙasar a hankali. Za ka ga ƴan gudaji manne da saiwar, wasu kamar ƙwayar hatsi, wasu kamar ƙwayar dawa. Wani yakan ɗauka cuta ce. Ba cuta ba ce, gidaje ne. Cikinsu akwai wasu ƴan halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ana ce musu bakteriya. Suna zaune cikin ƙasa. In saiwar wake ta fito sai su shiga, ita kuma ta gina musu ɗaki. Wake yana ba su abinci mai zaƙi da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Su kuma suna kamo azot daga iskar da ke ratsa ƙasa, su juya shi ya zama abin da shuka za ta ci. Cuɗe ni in cuɗe ka. In ka fasa gudajin da farce ka ga cikinsa ja-ja, to suna kan aiki.

Ba Karba ne ya gano wannan sirri ba. Wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Helrigel da Wilfat, su suka nuna shi a 1886. A 1888 wani masani na ƙasar Holan, Bayarink, ya ware ƴan halittun ya rene su a ɗakin bincike. Amma sanin yana kwance cikin littattafai. Aikin Karba shi ne ya fito da shi, ya kai wa mai fartanya.

Makaranta a kan amalanke

A gonar gwaji Karba ya shuka wake. Waken nan kuwa namu ne. Asalinsa Afirka, jiragen bayi ne suka kai shi Amurka. Ya shuka gyaɗa, ya shuka dankali. Ya tara busasshen ganye, da laka ta fadama, da kashin dabbobi, da toka, ya yi takin gargajiya. Wani lokaci ya bar waken ya yi ganye, sa'an nan ya kife shi cikin ƙasa ya ruɓe. Bayan ƴan shekaru filin da ya mutu ya tashi. Da ya mai da auduga wurin, ta ba da amfani fiye da na maƙwabta nesa ba kusa ba.

Darasinsa gajere ne. Kada a maimaita shuka ɗaya a gona ɗaya kowace shekara. Bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa. Kada a ƙone shara, a mai da ita taki. A tare hanyar ruwa kafin ta zama kwazazzabo. Kowane gida ya noma abin da zai ci, kafin abin da zai sayar.

Ya rubuta ƴan littattafai 44 cikin magana mai sauƙi, ana raba su kyauta. Ɗaya a kan wake ne, ya fito a 1903. Amma da yawa cikin manoman ba su iya karatu ba, kuma ba su da halin zuwa makaranta. Sai makaranta ta je gare su. A 1906 aka ƙera wata babbar amalanke bisa tsarinsa, alfadarai suna ja. An ɗora mata garma, da iri, da kayan gwaji. Tana bin ƙauyuka, ana tsayawa a gona ko a bakin kasuwa, ana nuna wa mutane da hannu.

Bai manta da mata ba. Ya san manomi ba zai shuka abin da ba a ci a gidansa ba. Shi kuwa ya iya dafuwa tun yana yaro. Cikin littattafansa ya sa hanyoyin dafa wake da dankali, da yadda za a shanya abinci a ajiye. A 1916 ya fitar da wanda ya fi suna, mai koyar da noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci.

Ƙwaron auduga

Ana nan sai wani ƙwaro ya shigo Amurka daga ƙasar Meziko. Yana huda ƙwallon auduga ya yi ƙwai ciki. Wajen 1910 ya iso Alabama. Gonaki suka lalace, masu auduga kaɗai suka rasa tudun dafawa. Da yawa suka koma gyaɗa dole, suka ga da riba. A wani gari mai suna Entafirais har gunki aka yi wa ƙwaron a 1919, wai don shi ya koya musu hankali.

Mu ma mun san irin wannan. A da gyaɗa ce dukiyar Maraɗi. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayenta. Sai fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Cinikin ya durƙushe. Wake ne ya tashi ya rufa wa manoma asiri. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen nomansa.

Da gyaɗa ta yi yawa a Amurka, sai aka shiga neman kasuwarta. Karba ya duƙufa a ɗakin bincike. Ya haɗa abubuwa wajen 300 daga gyaɗa, har da madara, da sabulu, da man shafawa, da rini. Daga dankali ma ya haɗa fiye da 100. A 1921 aka kira shi majalisar dokoki a birnin Washinton, ya yi magana a madadin manoman gyaɗa. Minti 10 aka ba shi, wasu ma suna yi masa ba'a. Ya buɗe akwatinsa yana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ta ƙara masa lokaci. Daga ranar sunansa ya cika ƙasar.

Gaskiya kuma a faɗe ta. Yawancin abubuwan da ya haɗa ba su shiga kasuwa ba. Riƙon ofis da lissafi ba su karɓe shi ba, sun sha saɓani da shugabansa a kan haka. Abin da ya fi ciwo, manoma da yawa sun ji darasinsa amma ba su da ikon bi. Gonar ba tasu ba ce, mai ƙasa kuwa auduga yake so. Wanda ba shi da tabbacin gona baɗi, da wuya ya yi mata jinya bana.

Ƙarshen rayuwarsa

Karba bai yi aure ba. A ɗaki cikin makaranta ya zauna. Tsohuwar riga yake sawa, amma kullum da fure a ƙirjinta. Da asuba yake tashi ya zaga daji shi kaɗai. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista. Bai bar zane ba, har da jar ƙasar Alabama yake haɗa launi. Manya sun neme shi, har da Henri Fod mai kamfanin mota, wanda ya zama abokinsa. Manomi kuwa in ya aiko da tambaya, kyauta yake amsa masa.

A 1940 ya ba da abin da ya tara duk rayuwarsa don a ci gaba da bincike a Taskigi. Kuɗin sun fi dala dubu 30, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Ya rasu ranar 5 ga Janairu 1943. Aka binne shi kusa da kabarin Buka Washinton. A wannan shekara gwamnatin Amurka ta keɓe gonar da aka haife shi, ta zama wurin tunawa da shi. Ba a taɓa yi wa baƙar fata haka ba kafinsa.

Mu fa?

Abin da Karba ya koyar ba baƙo ba ne a gare mu. Iyayenmu suna haɗa hatsi da wake. Suna barin gawo a gona, kowa kuwa ya san hatsin gindin gawo ya fi. Ashe gawo dangin wake ne, shi ma saiwarsa tana da ƴan gudajin nan. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo.

Amma yau mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, ba a barin saura ta huta. Taki kuma ya yi tsada. Sai mu lura da abu ɗaya. Yawancin azot ɗin da wake ya tara yana cikin ƙwaya da harawa. In muka kwashe duka muka kai kasuwa, kaɗan ne ya rage wa gona. Don haka in dabbobi sun ci harawa, a mai da kashinsu gonar. In an zo girbin wake, a yanke shi a bar saiwa cikin ƙasa. A riƙa juya shuka, bana nan hatsi, baɗi gyaɗa ko wake. A bar ƴaƴan gawo su tashi. Gona kamar saniya ce, sai an ba ta take ba da nono.

Tambayoyi

1. Me ya hana Karba shiga makarantar da ke kusa da gidansu?
2. Me ya gajiyar da ƙasar Alabama?
3. Yaya ruwa yake mai da dutse ƙasa?
4. Me wake ke ba ƴan halittun saiwarsa, me suke ba shi?
5. Me ya sa wasu manoma ba su iya bin darasin Karba ba? Akwai irin wannan a garinku?

Aiki

Da damina kowa ya tugo wake ɗaya ko gyaɗa ɗaya mai fure, ya kawo aji. Ku ƙirga gudajin saiwar. Ku fasa uku ku dubi launinsu. Kowa ya rubuta abin da ya gani cikin layi uku.